Awaitility a kan sikeli: yana maganin jira a gwajin Java, amma ba ya auna barcin zare

Duk mai rubuta manhajar Java da ke aiki da zare (thread, wato layin aiki mai gudana gefe da gefe da wasu) fiye da ɗaya ya san wannan dabarar: a tura aiki, a sa `Thread.sleep(500)`, sannan a duba ko sakamako ya fito. Gwajin ya wuce da safe, da azahar ya faɗi, a sake kunna shi ba a taɓa ko harafi ɗaya ba, ya wuce. Irinsa muke kira gwaji mai rawa. Wani bincike da masana na Jami'ar Illinois ta Amurka suka fitar a 2014, bayan sun bi gyare-gyaren da aka yi wa irin waɗannan gwaje-gwaje a manhajojin Apache, ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na matsalar daga jiran aikin da ke gudana a wani zare take. Awaitility, laburaren da Johan Haleby ya rubuta, wanda kuma shi ne ya yi laburaren gwaji na REST Assured, don wannan ciwon aka yi shi. Hukuncinmu a kansa: ya cancanci shiga kowane aikin Java mai jiran sakamako, amma mutane da yawa suna ɗora masa kayan da ba nasa ba, kuma a nan yake ba su kunya.

Kyauta ne, lasisinsa Apache 2.0. Jerin 4.x yana buƙatar Java 8 ko sama. A Maven, manhajar da ke sauko da laburare ta harhaɗa aikin Java, sunansa `org.awaitility:awaitility`, a sa shi a rukunin `test`. Wanda ke kan Spring Boot 3.2, wanda ya fito a Nuwamba 2023, ko abin da ya biyo bayansa, ba sai ya ƙara komai ba, yana cikin `spring-boot-starter-test`. Shi da laburaren Hamcrest da yake jawowa ba su kai megabait ɗaya ba, don haka ko da ɗan guntun data na waya za a sauke shi, daga nan `mvn -o test` zai yi aiki da abin da ke cikin `~/.m2` ko intanet ta yanke.

Kafin a yaba masa sai a fahimci me ya sa barcin ke cin amana. Takardar bayanin Java ita kanta ta ce tsawon barcin ya dogara ga daidaiton agogon na'ura da kuma mai rabon furosesa na tsarin aiki. Idan ka ce zare ya kwanta milisakan 500, abin da ka samu shi ne ba zai nemi furosesa ba na kimanin wannan lokaci. Yaushe zai farka ya ci gaba, wannan ba a hannunka yake ba. Mafi muni ma, barcin zaren gwaji bai ce komai ba game da ɗaya zaren da ke yin aikin. Shi yana iya tsayawa saboda mai share ma'adana (garbage collector) na JVM, injin da ke gudanar da Java, ya dakatar da kowa, ko saboda karo na farko ne ana loda azuzuwan kod kuma JIT, mai hanzarta kod yayin da yake gudana, bai ɗumama ba. Shi ya sa gwajin farko a jeri ya fi saura yawan faɗuwa.

A wurarenmu akwai ƙarin dalilai. Da dama daga cikin masu rubuta manhaja a Garwa, Marwa, Kusseri da Njamena da laftof na hannu suke aiki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fankar da ƙurar hunturu ta toshe ba ta iya fitar da zafi, furosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Aka ɗauke wuta, na'urar ta koma batir, tsarin tanadin caji ya sake rage gudun. Aikin da ke ɗaukar milisakan 200 a ɗaki mai sanyi yana iya ninkawa, milisakan 500 ɗin da aka yi tsammanin sun wadatar sai su gaza. Ga kuma ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogon allon na'ura: idan ya mutu, kwamfuta tana tashi da kwanan wata na bogi, da zarar ta samu intanet NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, ya gyara, agogon ya yi tsalle. Gwajin da ke auna tazara da `System.currentTimeMillis()` a daidai wannan lokacin zai ba da lissafin banza, har da tazara ƙasa da sifili. A sabar gwaji kuma, idan aka ƙayyade kwantenar Docker da `--cpus=0.5`, Linux yana ba ta milisakan 50 ne a cikin kowane 100. Zaruruwa huɗu suka cinye rabon a milisakan goma sha biyar na farko, sai kowa ya tsaya cak har zagaye na gaba.

Abin da Awaitility ya yi shi ne ya sauya tambayar. Maimakon a kwanta tsawon lokaci a yi fatan an gama, sai a riƙa leƙawa har sharaɗi ya cika, da wa'adin da ba za a wuce ba. A ɗauki manhajar shago da ke karɓar kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo a Kamaru, ko Airtel Money da Moov Money a Cadi: saƙon tabbatar da biya ya iso, wani zare a baya ya rubuta rasit. Gwajin zai zama haka:

`await("rasit ya fito").atMost(Duration.ofSeconds(5)).untilAsserted(() -> assertEquals(BIYA, rasit.matsayi(lamba)));`

In rasit ya fito a milisakan 150, gwajin ya wuce nan take, bai jira sakan biyar ba. In na'ura ta yi nauyi ya ɗauki sakan uku, har yanzu ya wuce. Wannan shi ne duk sirrin, kuma ya isa. Wa'adi mai faɗi ba ya cin komai idan kod ɗin lafiya yake. Sai ranar da ya lalace ne ake biyan sakan biyar ɗin. Saboda haka kada a yi rowar `atMost`. Wanda ya sa `atMost` na milisakan 600 a wurin `sleep(500)` ya dawo da tsohuwar matsalar ne da sabon suna.

Ƙa'idojinsa na asali uku ne da ya kamata a haddace: wa'adi sakan 10, tazarar leƙe milisakan 100, jinkirin leƙen farko kuma daidai da tazarar, wato 100. Na ukun nan ne ke cin lokaci a ɓoye. Kowane `await` yana cin milisakan 100 ko da sharaɗin ya riga ya cika tun kafin a kira shi. Guda 300 a cikin aiki ɗaya, sakan 30 ke nan sun tafi a zaune. Maganinsa `pollDelay(Duration.ZERO)`, ko a saita shi gaba ɗaya da `Awaitility.setDefaultPollDelay`. Sai dai waɗannan saitunan na gaba ɗaya suna zaune ne a wuri guda ga dukkan JVM, abin da ajin gwaji ɗaya ya sauya zai bi sauran har sai an kira `Awaitility.reset()`. Mun fi son a yi `ConditionFactory` guda a ajin taimako, a saita shi sau ɗaya, kowa ya ɗauka daga can.

Inda ya fi burge mu shi ne saƙon faɗuwa. `until(() -> ...)` mai dawo da i ko a'a, in ya faɗi, abin da zai gaya maka kawai shi ne wani sharaɗi bai cika ba cikin wa'adi. `untilAsserted` kuwa yana ɗauko kuskuren ƙarshe ya saka cikin `ConditionTimeoutException`: an sa ran BIYA, an samu ANA_JIRA. Haɗa shi da laƙabin da ake ba `await("...")`, mai karanta rahoton sabar gwaji da tsakar dare zai gane inda aka tsaya ba tare da ya buɗe kod ba. Idan zaruruwa suka sarƙe, kowa na jiran makullin da ke hannun ɗan'uwansa, yana ganowa ya liƙa bayanin a jikin kuskuren. Daga 4.1.0 kuma akwai `failFast`: in matsayin rasit ya koma AN_ƘI, babu amfanin jiran BIYA, gwajin ya faɗi a take maimakon ya ƙona wa'adinsa.

Yanzu ga tarkunan, kuma suna da yawa fiye da yadda sauƙin rubutunsa ke nunawa.

`await().atMost(2, SECONDS);` ba tare da `until` ba, ba ya jiran komai. Yana gina abin jira ne ya yar, layi na gaba ya gudana nan take. Kwamfaila ba za ta yi ƙorafi ba. Ana yawan ganin wannan a kod ɗin ɗalibai, har da na waɗanda suka daɗe a sana'a. Ƙaninsa shi ne `await().pollDelay(2, SECONDS).until(() -> true)`, wanda ake rubutawa don a rufe bakin dokar S2925 ta manhajar binciken kod SonarQube, mai hana `Thread.sleep` a gwaji. Wannan kura ce da fatar akuya: barci ne dai, da duk aibinsa.

Tarkon da ya fi cinye wa mutane yini shi ne zaren leƙe. A asali Awaitility ba a zaren gwajinka yake duba sharaɗin ba, yana buɗe nasa. Duk abin da ke maƙale da `ThreadLocal` ba zai bi shi can ba: taransakshan na Spring, bayanin wanda ya shiga a Spring Security, zaman Hibernate, laburaren da ke haɗa Java da rumbun bayanai. Sai a ga sharaɗin yana jefa kuskure, ko yana ganin rumbun bayanai fanko. Akwai `pollInSameThread()` don wannan, amma da farashinsa biyu. Na farko, in sharaɗin ya maƙale, misali yana jiran amsar saba da ba za ta zo ba, Awaitility ba shi da ikon katse shi, `atMost` ya zama ado. Dole a ɗora `@Timeout` na JUnit 5 a kan gwajin. Na biyu ya fi wuyar ganewa. Idan gwajin yana da `@Transactional`, kuma ana leƙe a zare ɗaya, Hibernate zai riƙa miƙo maka abin da ya ajiye tun karantawar farko, ko da ɗaya zaren ya riga ya sauya layin a rumbu. A MySQL mai InnoDB, inda matakin keɓewa na asali shi ne REPEATABLE READ, ko ka share ajiyar Hibernate ma hoton farko za ka ci gaba da gani har taransakshan ta ƙare. PostgreSQL, mai READ COMMITTED, ba ya yin haka. Kuma bayanan da gwajin ya shigar bai tabbatar ba, zaren aikin ba zai taɓa ganin su ba. Shawararmu a nan ba ta da kwana-kwana: gwajin da ke jiran wani zare kada ya ɗauki `@Transactional`. A shigar da bayanai da gaske, a share su a `@AfterEach`.

Yana kuma kama kuskuren da ya kuɓuce a kowane zare ya jefo shi cikin gwajin da ke jira. Niyyar mai kyau ce, don kada aiki ya mutu a baya shiru. Amma in ana gudanar da gwaje-gwaje a lokaci guda cikin JVM ɗaya, kuskuren gwajin wani zai iya kayar da naka, ka yi ta bincike a inda babu laifi. `dontCatchUncaughtExceptions()` ke kashe wannan. A ɗaya gefen, `ignoreExceptions()` tana haɗiye komai, har da `NullPointerException` na ainihin ɓaraka, sai a ƙarshe ka ga wa'adi ya cika kawai. A ambaci ajin kuskuren da ake sa ran gani da `ignoreException(...)`, a bar sauran su fashe.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Sharaɗin ana kiran sa sau da yawa, don haka kada ya zama mai taɓa abu: in yana cire saƙo daga layi a kowane leƙe, leƙen farko zai cinye abin da na biyu ke nema. Ƙimar da aka karanta a wajen lambda sau ɗaya aka karanta ta, ba za ta sauya ba ko an jira shekara. Filin da zare biyu ke taɓawa ya zama `volatile` ko `AtomicInteger`. Ƙa'idar harshen Java ta faɗa ƙarara cewa barci ba ya tilasta wa zare ya sake karanta abin da wani ya rubuta, kuma leƙe ba lasisin yin sakaci da wannan ba ne. Matsayin da ke wucewa cikin milisakan 20 kuwa, mai leƙe kowane 100 zai iya kuskure shi. A tara tarihin matsayi a `CopyOnWriteArrayList` a duba jerin.

To, ga inda muka ce ana ɗora masa kayan da ba nasa ba. Wani lokaci abin da ake son gwadawa ba sakamako ba ne, lokacin ne kansa: cewa manhaja ta jira sakan 1, 2, 4, 8, 16 tsakanin sake neman sabar kamfanin waya idan layi ya yanke, ko cewa lambar sirrin SMS ta mutu bayan minti biyar. Awaitility yana da `atLeast` da `during`, kuma sunayen suna jan hankali. `atLeast` yana kayar da gwaji in sharaɗi ya cika da wuri, amma da leƙe yake gane hakan, don haka ba zai iya bambance milisakan 950 da 1000 ba in tazarar leƙensa 100 ce, kuma a na'ura mai nauyi kod ɗin da bai jira komai ba zai iya wucewa saboda leƙen ne ya makara. `during` yana da amfani wajen nuna cewa abu bai faru ba, misali ba a tura SMS sau biyu ba cikin rabin sakan, da sharaɗin `atMost` ya fi shi tsawo. Amma dole ya cinye lokacin duka, kuma bai tabbatar da komai game da milisakan na 501 ba. Gwada jerin sake nema da agogon gaske zai ci sakan 31 kowane zagaye. Babu mai haƙurin wannan, ƙarshenta a kashe gwajin.

Maganin wannan ba ya cikin laburaren, yana cikin tsarin kod ɗin. A fitar da barci zuwa ƙaramin intafes mai aiki ɗaya, a ce `Mabarci` da `kwanta(Duration)`. Na gaske ya kira `Thread.sleep`, na gwaji ya rubuta tsawon da aka nema a jeri ya dawo nan take. Gwajin sai ya duba cewa jerin ya zama 1, 2, 4, 8, 16, ya ƙare cikin ƙiftawar ido, kuma zafin Marwa ba shi da ta cewa. Spring Retry ma da irin wannan intafes ɗin yake zuwa, `Sleeper`. Ga wa'adin lambar sirri, a miƙa wa ajin `java.time.Clock`, wanda ke nan tun Java 8 a 2014, a daina kiran `Instant.now()` kai tsaye. A gwaji a ba shi `Clock.fixed`, a tura shi gaba da `Clock.offset` zuwa minti 4 da sakan 59, sannan minti 5 daidai, a duba bakin iyakar ta kowane gefe. Wasu laburaren ma suna da irin wannan: Caffeine yana karɓar `Ticker`, Reactor yana da `StepVerifier.withVirtualTime`, `runTest` na Kotlin yana tsallake `delay` da kansa. Duk waɗannan sun fi Awaitility dacewa da tambayar "nawa aka jira".

Gwaji ɗaya tak zai rage mai taɓa agogon gaske, wanda ke tabbatar da `Mabarci` na gaske yana barci. A auna shi da `System.nanoTime()`, wanda ba ya komawa baya in an gyara agogon bango. A nemi barcin milisakan 200, ba 5 ko 10 ba, domin agogon Windows a asalinsa sau 64 yake bugawa a sakan, kimanin milisakan 15.6 kowane bugu, kuma a gajeren barci wannan kaɗai ya isa ya rikita awo. Iyakar ƙasa a ba ta ɗan rangwame, a ce 180, tunda awo na iya nuna 199 a inda aka nemi 200. Iyakar sama kuwa ko dai a bar ta, ko a sa ta nesa ƙwarai kamar sakan biyar, don kama wanda ya rikita sakan da milisakan kawai. Duk gwajin da ya ce barcin 200 kada ya wuce 220, mai rabon furosesa yake gwadawa, ba kod ɗinka ba.

Abin sha'awa, a gwajin katse barci Awaitility ya sake dawowa da amfani sosai. A tayar da zare mai barcin sakan 60, a ce `await().until(() -> zare.getState() == Thread.State.TIMED_WAITING)`, sannan a kira `zare.interrupt()`, a yi `join(2000)`, a tabbatar zaren ya mutu. Ba tare da wannan jiran ba, katsewar na iya riga zaren isa wurin barcin, sai ka gwada wata hanya daban da wadda kake nufi. A duba kuma cewa kod ɗin ya mayar da tutar katsewa da `Thread.currentThread().interrupt()`, domin jefa `InterruptedException` yana share ta, kuma mantawa da wannan ne ke sa manhaja ta ƙi rufuwa idan an ce ta tsaya.

Kada a yarda da gwajin da aka gyara sai an wahalar da shi. A sa masa `@RepeatedTest(200)`, a kunna `stress-ng --cpu 0` a wata taga don ya cika duk furosesa, a sake gudanarwa da `taskset -c 0` don a matse JVM a kan ƙwaya ɗaya, sannan cikin kwantena mai `--cpus=0.5`. Wanda ke da tsohuwar laftof ya cire caja ya gwada da rana tsaka. A wannan fanni tsohuwar na'ura ta fi sabuwa amfani. Daga nan a ɓata kod ɗin da gangan, a hana rasit fita, a ga gwajin ya faɗi da saƙon da ake ganewa. Gwajin Awaitility da sharaɗinsa ya riga ya cika tun kafin aiki ya fara, misali saboda ragowar bayanan gwajin baya, zai riƙa wucewa har abada ba ya duba komai.

Ba kullum ake buƙatarsa ba ma. In kai ne ke da iko da zaren aikin, `CountDownLatch` mai wa'adi ko `future.get(5, SECONDS)` sun fi shi: babu leƙe, ana gamawa gwaji ya farka. In abin da ake jira kiran wani abin kwaikwayo ne, `verify(aika, timeout(2000))` na Mockito ya wadatar. In ana iya miƙa wa ajin `Executor`, a ba shi `Runnable::run` aikin ya gudana a zaren gwajin, jira ya ƙare gaba ɗaya. Wurin Awaitility shi ne inda aikin ke bayan bangon da ba ka iya taɓawa: layin saƙonni irin Kafka ko RabbitMQ, `@Async` da `@Scheduled` na Spring, rumbun bayanai cikin kwantena. A can, in leƙen yana da tsada, kamar tambayar da ke bi ta intanet mai rauni, a sauya tazarar zuwa `fibonacci(SECONDS)`, leƙen ya riƙa yin nisa da juna, sakan 1, 1, 2, 3, 5, don kada gwajin da kansa ya danne sabar da yake jira.